Tsakanin Ido da Ido

A Gujungu, ranar Lahadi,
bayan rumfar masu sayar da igiya,
nan Tanimu ke baza gwangwanayensa.
Ni ne yaronsa a lokacin.
Aikina wanke buroshi da kananzir,
da korar awaki kada su lashe shuɗi.

Ya zana zaki a bayan motar shanu,
ya zana kawuna shida a allon mai aski,
ya zana wa mai suya tarwaɗa
har ƙuda ya ruɗu ya sauka a kai.
Amma fuskar mutum ce sana'arsa ta ainihi.
Yakan ce da ni: hanci ba wuya,
kunne kuwa wasan yara ne,
ɗan filin nan tsakanin ido da ido
shi ke hana ni barci.

Wata kasuwa bayan an kai gero rumbu
sai ga Gwaggo Tabawa daga gabas da Majiya.
Ta kwance bakin zane, ta zube kuɗin gyaɗarta,
ta ce maigidanta take so a zana.
Ina hotonsa?
Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.
To shi yana ina?
Damina tara ke nan da ya riga mu.

Na ɗauka Tanimu zai mayar mata da kuɗinta.
Sai ya ce, kawo mini jininsa.

Kasuwa ta zagayo, ta zo da mutum uku.
Ɗan fari ya ba da goshi,
ƙanin mamaci ya ba da hanci da tsagen kumatu,
jikanya, tana ta ɓoye dariya, ta ba da haɓa.
A bakin ɗan muka ji sunan: Jibo,
mai ginin rijiya.
Ita ba ta faɗa ba, ba kuma za ta faɗa ba.

Lahadi uku ana abu ɗaya.
Ta duba allon, ta daɗe tana duba,
ta ce: wannan mutumin kirki ne,
amma ban san shi ba.

Tanimu ya ajiye buroshi, ya sayo mata goro.
Bai ƙara tambayar fuska ba.
Ya ce, Gwaggo, idan ya fito daga rami fa?

Ta ce: shekara talatin yana ƙasa,
sama a wurinsa faifai ce ta haske.
In ya fito, jar laka har gira,
sai ya kanne idon hagu, ya ɗaga haɓa,
ko ni da ke tsaye da ƙwaryar fura
kallon bakin rijiya yake yi mini.

Shi ke nan.
Tanimu ya ɗaga haɓar kaɗan,
ya matse idon hagu,
ya ɗauki tsinken tsintsiya ya tsoma a fari
ya ɗiga ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba.

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe baki,
ta kawar da kai gefe
kamar ta shigo ɗaki ta tarar da shi da baƙi.
Can ta ce, ba ta kalli kowa ba:
ku sa masa hula mana,
ba ya fita haka.

Bara Tanimu ma ya tafi.
Mutumin da ya zana rabin kasuwa
bai bar ko hoton katin zaɓe ba.
Gwangwanayen suna hannuna yanzu.
Na gama hancin, na gama kunnen,
har da shuɗin da ba ya fita daga farcensa.
Saura ɗan filin nan.
Tsinken na jiƙe da fari tun la'asar,
kasuwa ta watse,
ban ɗiga ba tukuna.